Ƙullin Igiyar Usumanu Mai Keke

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa. Da hantsin ranar Alhamis, 8 ga watan Mayu, 2025, ina kan keken ɗinkina a unguwar Dilimi, cikin Jos, matarka Hasiya ta aiko a faɗa mini cewa ka cika, Usumanu. Ban yi kuka a lokacin ba. Na ɗauke ƙafata daga kan feda ne kawai na zauna, na ji wata irin gajiya ta sauko mini wadda har yau ba ta sake ni ba.

Duk Dilimi an san ka da Usumanu mai gyaran keke. Tun muna samari rumfarka take bakin hanyar nan, da kwanon ruwan da kake tsoma tub don neman inda ya huje, da bencin da ya fi karɓar 'yan hira a kan masu gyara. Guragu masu keken hannu sun san ba ka karɓar komai a wajensu, in sun matsa sai ka ce su biya ka da labari. Loyis, wadda take kawo kayan miya daga Bukuru, ta zo gaisuwa tana share hawaye. Ta ce shekarar da gari ya rikice, ranar da hanya ta rufe mata, kai ka ɗora buhunta a kekenka ka raka ta har inda ta ga mutanenta, sannan ka juyo kai kaɗai. Ba ka taɓa ba ni wannan labari ba, ni da kake cika wa kunne da labarin komai.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dalilin da ya sa duk kaka kake rufe rumfa, mu ɗora kekunanmu a saman mota mu nufi arewa. Wasu cewa suke yawon tsufa ne ya kama mu. Gaskiyar magana, garin mahaifinka kake nema.

Baba Nomau mahaƙin rijiya ne. Yana saurayi aka kwaso su lokacin yaƙin duniya, a abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, aka kawo su ƙasar Jos haƙar kuza. Da aka sallami mutane shi bai koma ba. Ya zauna Bukuru, ya yi aure, ya haife ka, ya rasu bai sake ganin gida ba. Abin da ya bar maka game da garinsu bai taka kara ya karya ba: sunansa Tsamiya, yana dab da iyakar Faransa, kamar yadda suke kiran Nijar a zamaninsu. Kai kuma abin yana cin ranka. Ka sha ce mini a Jos aka binne cibiyarka amma ana ce maka baƙo, to kana so ka ga inda ba baƙo ba ne kai, ko sau ɗaya, kafin ka mutu.

Na tambaye ka me ya sa sai da keke. Ka ce wanda ya shiga ƙauye da mota, ɗan siyasa ake ɗaukarsa, kowa ya gyara bakinsa. Wanda ya shiga da keke kuwa, ruwa ake fara ba shi, sannan a tambaye shi daga ina.

Tafiyar farko mun yi wauta irin ta mutanen Jos. Da muka sauka Daura muka ga ƙasa shimfiɗe har iyakar ganin ido, babu dutse babu tudu, sai muka yi ta dariya. Ka ce, "Ibrahim, mu da muka saba hawan Jos, ai nan barci za mu yi a kan sirdi." Kafin azahar mun gane kurenmu. A Jos in ka sha wuyar hawa, gangara tana jiranka, ka saki feda iska ta buge ka. A can babu gangara. In ka daina tuƙi, keke ya tsaya. Ga yashi yana riƙe taya, ga ƙaya tana huda ta. Rabin tafiyar nan turawa muka yi, rabin kuma faci kake yi ina riƙe maka inuwa da rigata.

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, daga ƙauyukan Zango zuwa na Baure, har muka dangana da Babura da Maigatari. Mun kwana a zaurukan masu gari. Mun ga garuruwan da ganuwarsu ta narke ta zama tudun ƙasa awaki na hawa, da marinar da ta bushe aka cika ramukanta da shara, da kukokin da aka ce a gindinsu kakannin gari suka fara sauka. Ko'ina an karɓe mu da fura. Ko'ina kuma akwai Tsamiya: wata unguwa ce, wata rijiya ce, wata kufai ce. Sai ka zauna gaban tsofaffi ka ce, "Ko kun taɓa jin wani Nomau da aka ɗiba zuwa kuza?" Su dubi juna su ce an ɗebi mutane da yawa, Allah Ya jiƙansu. A nan kuma "mutumin Jos" suke ce maka. Kakan yi murmushi in ka ji haka, amma ni na san murmushin.

Ni dai na gaji tun da daɗewa, kuma ban ɓoye maka ba. Gwiwoyina sun daina yi mini biyayya. Ɗanka Salisu, wanda yake tuƙin motar haya, bai taɓa bin mu ba. Yakan ce, "Baba, me za ka yi da garin da bai san da kai ba?" Kai kuma sai ka ci gaba da ɗaure kayanka a bayan keke kamar ba da kai yake ba.

Kakar bara ka riga ka fara ciwon. Numfashinka yana yankewa, amma ka ce sai mun je. Wata la'asar muka tsaya bakin wata tsohuwar rijiya a wani ƙaramin gari da gonakinsa suka tsallaka cikin Nijar. Sunan garin ma ba Tsamiya ba ne, ruwa kawai muka tsaya sha. Wani tsoho da ke zaune kusa ya taso yana dogara sanda, bai dube mu ba, kayanka ya zuba wa ido. Ya sa yatsa a kan ƙullin igiyar da ka ɗaure su da ita, ƙullin nan naka mai ninki biyu da wutsiya a mayar ciki, wanda na sha tsokanarka a kansa ina cewa ɓata lokaci ne.

"Wa ya koya maka wannan?" in ji tsohon.

"Mahaifina," ka ce.

"Wannan ɗaurin gidanmu ne. Da shi muke zura mutum cikin rijiya, ba ya zamewa, ba ya shaƙe ƙugu. Waye uban naka?"

Da ka ambaci Nomau, tsohon ya zauna a ƙasa. Sunansa Malam Barau, ɗan yayan mahaifinka. Ya ce tsamiyar ta faɗi tun yana yaro, sunan ya bi ta. Ya ce kakarka ta rasu tana hana a rushe ɗakin Nomau. Sannan ya kama hannunka ya ce, "Ɗan'uwana, ina 'ya'yanka? Kaka mai zuwa ka kawo su su ga rijiyar kakansu." Ka ce in Allah Ya yarda. Kwanaki muka yi a gidan nan, ban ji wanda ya ce maka mutumin Jos ba. A hanyar dawowa ba ka iya tuƙi ba, a amalanken shanu aka fito da kai bakin titi, amma ban taɓa ganin fuskarka a sake kamar ranar ba.

Tun daga nan ba ka sake hawa keke ba. Abin da ya dame ka a kwanciyar nan alkawarin ne. Ka yi wa Salisu maganar sau da yawa, yana cewa to, irin to ɗin da ake yi wa mara lafiya. Ni ma na ɗauka maganar ta mutu, don na san ba zan iya jan wanda ba ya so ba.

Ranar jana'iza, da aka ɗora ka a makara aka rufa tabarma, aka nemi wanda zai ɗaure ta don kada ta zame a hanyar maƙabarta. Salisu ya karɓi igiya. Ina tsaye kusa da shi na ga ya ninka ta biyu, ya mayar da wutsiyar ciki, ya ja. Bai ma san ya yi ba. A nan ne kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace mini.

Bayan an watse daga sadakar uku Salisu ya same ni a shago, ya ce, "Baba Ibrahim, hanyar garin nan tana da tudu?"

Na ce, "Babu ko ɗaya. Shi ya sa take da wuya."

Ya ce, "To a gyara mini keken Baba."

Na gaji, Usumanu, Allah Ya sani na gaji. Amma ni kaɗai na rage da na san hanyar, don haka in kaka ta yi da raina zan kai shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Baba Nomau a gidan da ba a kiran kowa baƙo. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hasiya, da Salisu, da ƙannensa Raliya da Amatullah, da jama'ar Dilimi, da Malam Barau da mutanen gidansa, waɗanda suka same ka a makare suka kuma rasa ka da wuri. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani. Amin.