Shekarar da Aka Kawo Akwati Aljirif

Jiya a Umdurman maƙwabcina ya ci dabino ya jefa ƙwallon cikin tasa. Ƙarar ba ta kai ta faɗuwar tsakuwa ba, amma ta mayar da ni Aljirif, bakin kogi, inda aka haife ni cikin hayaƙin kamina, wato wurin gasa jan tubali.

Sai ka san yadda muke rayuwa kafin ka gane abin da muka rasa. Kowace shekara kogi yakan cika ya shafe gaɓa, in ya janye ya bar laka mai laushi, baƙa ƙirin. Da ita ake tubali. Tun da ruwa ya share iyakokin bara, dole a sake rabo, kuma mutum ɗaya ake zaɓa ya raba. In ya ba ka wuri mai kauri, gidanka ya ci abinci. In ya tura ka kan yashi, sai ka nemi ƙwadago a gari.

Kakana, wanda mahaifinsa ya yada zango can a hanyar Makka, shi ya riƙe yadda ake zaɓen. Kowane magidanci ƙwallon dabino uku ake ba shi. Ya shiga bayan zana inda aka jera tasoshin masu nema, ya sa biyu a tasar wanda ya fi so, ɗaya a ta wanda ke biye. Kaka yakan ce mutum ba ya rasa na biyu a zuciyarsa, kuma rashin tambayarsa zalunci ne. Sau da yawa wanda ya ci ba shi ne mai yawan dangi ba, wanda kowa zai iya haƙuri da shi ne.

Shekarar da Kaka ya rasu, samarin da suka yi karatu a Khartum suka ce wasan ƙwallo ya ƙare, za a yi kamar zaɓen shugaban ƙasa: akwati ɗaya, takarda ɗaya, suna ɗaya. Mutum uku suka tsaya. Akwai mai lorin da ke kwashe tubalinmu, akwai ɗan limami, kowanne da zugar danginsa, kuma ba sa ga maciji. Na ukun mahaifina ne. Ba shi da zuga, amma kowa ya san igiyar awonsa ba ta ƙarya.

Kwana biyu kafin zaɓe Baffa, ƙanen mahaifina, ya shigo da hantsi ya zauna bakin rijiya. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Yaya, kai nake so, Allah shaida. Amma in na ba ka, ɗan limami zai ci, ka kuwa san tsakaninmu."

Mahaifina ya ce ya sani. Ya sa aka kawo masa shayi.

Mai lori ya ci. Takardun mahaifina ba su cika tafin hannu ba. Kashegari gidanmu ya cika kamar gidan makoki. Mutanen mai lori suka ce tsoron ɗan limami ne ya hana su zaɓen mahaifina, mutanen ɗan limami suka ce tsoron mai lori ne. Inna ta yi ta ɗora buta har sukari ya ƙare. Da aka watse mahaifina ya dubi kofunan da aka tara ya ce, "Da masu shan shayin nan suka zaɓe ni, da yanzu ina fadar jamhuriya."

Muka yi dariya. Da ruwa ya janye aka ba mu yashi. Bayan damina biyu muka koma unguwar Mayo a kudancin Khartum, shi kuma ya zama mai ɗaukar ƙarfe a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Bai taɓa yi wa Baffa gori ba. Baffa ne ya rage zuwa.

Bayan shekaru aka yi zaɓen shugaban ƙasa mai 'yan takara da yawa. Mahaifina ya sa farar jallabiyarsa, ya bi layi cikin rana, ya zaɓi wani da ko hotonsa ba a liƙa a unguwarmu ba. Inna ta ce, "Malam, ai ka zuba ƙuri'arka a kogi."

Ya ce, "In ya duba, zai ga akwai mutum ɗaya da bai ji tsoro ba."

Yanzu nakan ji a labarai cewa wasu ƙasashe suna barin mai zaɓe ya jera na farko da na biyu, don kada ɗan takara na uku ya zama abin gudu. Masana na muhawara a kai, kuma kowane tsari da aibinsa. Mu kuwa yaƙi ya watsa mu, ba ma maganar zaɓe sai ta wanda ya tsira. Mahaifina ya riga mu gidan gaskiya. Baffa yana can gabas, idonsa ya mutu. Duk sanda na samu layi na kira shi, yakan tambaye ni ko na je kabarin yayansa a Mayo. Har yau hanyar ba ta buɗe mini ba, amma nakan ce masa na je.