Bangajiya a Bayan Kwazazzabo

Bayan rasuwar Inna, Baba ya daina fita. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana bin shanu a kan duwatsu, ya yi girmansa yana zirga-zirga a kara, kasuwar shanu, sai ga shi daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa masallacin ƙofar gida. Tuwon da nake kawo masa daga gidana a Tudun Wada zuwa Gangare, yadda na ajiye haka nake ɗauka. Ƙafafunsa suka fara kumbura. Likita ya ce in bai riƙa tafiya ba za su riƙe, ni kuwa na san ba ƙafa kaɗai ce ke neman riƙewa ba. Tsoro nake ji kada ya bi Inna.

A lokacin ina cikin masu hawan dutse ranar Asabar. Mukan haɗu da sassafe, ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan makaranta, kowa da takalmin kambas da gorar ruwa, mu yi ta hawa har rana ta take. Na ce wa Baba ya zo mu je. Ya dube ni sama da ƙasa.

"In kun hau, wa kuke gaisarwa a can?"

"Ba kowa, Baba. Motsa jini ne."

"To Allah ya ba ku lafiya."

Haka yake. Tafiya a wurinsa sai da dalili: dubiya, jana'iza, suna, cinikin sa. Wanda ya bar gida don kawai ya gaji ya dawo, addu'a yake buƙata.

Na yi fushi, na yi lallashi, duk a banza. Rannan ina wanke masa kwano sai na tuna wani tsoho da ya zo ta'aziyya. Manomi ne, Kirista, ɗan asalin wani ƙauye a bayan duwatsu, wanda a da yake barin shanun Baba su kwana a gonarsa bayan an girbe acca. Da sanda ya zo, ya zauna a gefen tabarma, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Matanka ya tafi, Allah ya ba ka haƙuri." Na leƙa zaure na ce, "Baba, wancan tsohon na bayan dutse, an je masa bangajiya kuwa?"

Ya ce ba a je ba. Duk wanda ya tako ya yi maka gaisuwar mutuwa, in an kwana biyu kai ma ka taka ka gode masa, wannan Baba bai taɓa wasa da shi ba. Na ce ko in aika a waya. Ya harare ni kamar na zage shi, ya ce da ƙafarsa zai je.

Asabar ta zagayo. Na iso da kambas ɗin mijina a leda, na tarar da shi cikin babbar riga mai aska, ta sha guga, da hula da takalmi sau-ciki, ga ƙullin goro da sukari. Na ce dutse fa za mu hau. Ya ce shi gaisuwa za shi, ba wasan guje-guje ba. Na mayar da kambas cikin jaka ina ƙunƙuni.

Mota ta ajiye mu inda kwalta ta ƙare. Daga nan sai turba, tsakanin shingen ƙyarana da gonakin dankali, ta gangara cikin kwazazzabo. Ƙarshen damina ne, ciyawa har gwiwa, duwatsun da santsi. Baba ya naɗe hannun riga a kafaɗa. Yana tafiya yana haki, ina biye da shi hannuna a buɗe ko zai zame. Ya zame kuwa, ya zauna daɓas a kan dutse, rigar ta kwashi jar ƙasa. Na ce mu koma. Bai ko amsa ba, ya cire takalman ya miƙo mini, ya ci gaba da ƙafa tsirara. Abin mamaki, tafiyar sai ta fi sauri.

Wasu 'yan ƙungiyarmu suka wuce mu da sandunansu na kanti. Ɗaya ya ce, "Baba, ɗaurin aure za a je ne?" Baba ya ce, "Ku dai da ba ku da wurin zuwa, ku yi gaba."

Tun daga nesa muke jin rugugin matsirga, inda rafin ke zubowa daga kan dutse ya faɗa cikin kwarin. Turbar ƙauyen ta gefenta take bi. Na sha zuwa wurin, na sha ɗaukar hoto, ban taɓa sanin iyayena sun san shi ba. Baba ya tsaya ya nuna wani faffaɗan dutse a bakin ruwa.

"Nan take wanke ƙorai," in ji shi. "Rugarmu tana can sama. Ba a haife ki ba."

Tunda nake ban taɓa jin ya kira sunan Inna ba. Kunya ce irin tasu, "ke" ko "mai ɗakin nan" yake cewa. Ko ranar da aka ɗauke ta ban ga hawayensa ba, mutane yake ta ba haƙuri.

Ya miƙo mini ƙullin goron, ya taka har kan dutsen, kusa da inda ruwan ke faɗuwa. A can ko ihu ka yi ba mai ji. Na ga bakinsa yana motsi. Ba irin motsin addu'a ba ne, don bai ɗaga hannu ba, magana yake yi, har da girgiza kai, kamar yadda yake yi in suna musu a kan gishirin miya. Feshin ruwa ya jiƙa masa fuska da gemu. Na juya baya na yi nawa kukan.

Ya daɗe kafin ya dawo. Ya share fuska da bakin riga ya ce, "Ruwan nan da jiƙa mutum yake." Na ce ƙwarai kuwa.

Mun sami tsohon a ƙofar gidansa yana gyara ƙotar fartanya. Ya miƙe yana tafa hannu. "Kai, kai! Da wannan ƙafa ka zo? Ka ɓata riga!" Suka zauna suna lissafa waɗanda suka mutu da shanun da suka taɓa yi wa tsohon ɓarna. Matarsa ta kawo gwate mai zafi a kwano. Na buɗe baki zan ce Baba ba ya cin abinci kwanan nan, sai na ga ya nemi cokali.

Ya cinye tas, ya kankare gefen kwanon. Da muka tashi tafiya, tsohon ya ce in ya ji sauƙin gwiwa zai shigo gari ya ga yadda muka isa gida.

"A'a, zauna abinka," in ji Baba. "Ni zan dawo. Akwai wadda nake gaisarwa a hanya."