Rakiyar Baturen Gyaɗa

Ni a aji huɗu na tsaya, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Amma aji huɗun da ne, lokacin da malami ke shigowa da bulala kafin ya tuna da alli. Shi ya sa da wani Bature ya sauka a unguwarmu ta Toranke 'yan daminun baya, wai ya zo nazarin cutar da ke murɗe ganyen gyaɗa, ban jira an kira ni ba. Na zura babbar riga na je na yi masa barka da asuba da Turanci, alhali la'asar ta yi. Ya kuwa amsa. Nan take mai unguwa ya ce ni ne tafinta, a sauke baƙo a shagon ƙofar gidana.

Sai dai ya kafa sharaɗi. Akwai malamin firamare a unguwar, ɗan abokina ne, takardunsa sun fi nawa kauri. Mai unguwa ya ce ranar da baƙon nan ya yi abin kunya a gaban mutane, to laifin mai koya masa ne, kuma ranar malamin zai karɓe shi.

Kada ku raina muƙamin. Kullum da safe akwai shayi mai madara da burodi. Mutanen da suka shekara sittin suna kirana da sunan da ba zan rubuta a nan ba, duk suka koma cewa Malam Tafinta. Har matata ta fara jira in gama magana kafin ta musa.

Na zage na koya masa zaman duniya, rabi da Turanci rabi da hannu. A cire takalmi a bakin tabarma. A ci da dama. In an tambayi lafiyarka ka ce lafiya lau, ko zazzaɓi na kaɗa ka. Kada ka taɓa gaya wa babba abin da zai yi. Duk ya rubuta a wani ɗan littafi da ke aljihunsa, har da ja wa wasu layi. Rakiya kuwa a aikace na nuna masa: in mutum ya zo wurinka zai tafi, ka tashi ka taka masa.

Abin da ban koya masa ba shi ne yadda rakiya ke ƙarewa, wato wanda ake rakawa ya tsaya ya ce a koma haka nan. Ban ga laifina sosai ba. Ni wa ya taɓa koya mini rufe baki bayan hamma?

Maƙwabcina mai sayar da taki shi ya fara ɗanɗanawa. Ya zo gaishe da baƙo, da zai tafi Bature ya raka shi har cikin zaurensa. To yanzu ga baƙo a gidansa zai tafi, dole ya rako shi. Da suka iso ƙofata Bature ya ga mutum zai juya, sai ya bi shi. Ina zaune a kan dakali na ga sun wuce ni sau uku, kowanne na murmushi, murmushin maƙwabcin nawa yana ƙara ƙanƙancewa. Kiran sallar azahar ne ya cece shi, ya faɗa masallaci tun liman bai yi alwala ba. Ya kamata in gyara darasi tun ranar. Amma kakanninsa Barebari ne, mu da su akwai wasa, sai na ga ba zan ɓata abin da Allah ya shirya mini ba.

Ranar kasuwar Ajingi Bature ya ce zai je a ƙasa. Mutumin nan ba ya son babur, ya ce a kan babur ba a ganin ganye. Muka biya ya gaishe da mai unguwa, dattawa na zaune, malamin firamare ma yana nan saboda makaranta na hutu. Mai unguwa ya haura saba'in, gwiwarsa ta hagu ta daɗe da yin ritaya, kuma iyakar rakiyarsa bakin zaure. Amma ranar gaisuwar Baturen ta yi masa daɗi, sai ya ce zai taka masa zuwa gindin tsamiya. Da ya miƙe, kowa ya miƙe. Kuma kowa ya san abin da ya gada daga mahaifinsa: ba ya juya wa baƙo baya sai baƙon ya sallame shi da bakinsa.

Muka zo tsamiya. Mai unguwa ya rage tafiya, Bature ya rage. Mai unguwa ya tsaya ya yi gyaran murya, Bature ya tsaya ya harɗe hannu a baya yana jira cikin ladabi, kamar yadda na koya masa. Shi a zatonsa tsohon ma kasuwa za shi. Da ya ga ba a sallame shi ba, mai unguwa ya ɗaga ƙafa. Muka wuce tsamiya.

Nan na shiga lalube cikin Turancina. Na sami na zauna, na sami na tashi tsaye, na sami na fita waje, duk irin wanda malami ke faɗa da bulala a hannu. Babu ko ɗaya da za a sa baƙo ya gaya wa mai unguwa. Ƙaryar cewa baƙo ya sallame shi kuma ba ta yiwuwa, don malamin firamare na bayana kamar inuwa, duk abin da Baturen ya faɗa yana ji.

Bature kuwa daɗi ya cika shi. Duk gonar da muka wuce sai ya tsinko ganye ya nuna wa tsohon.

"Tafinta, me baƙon ke cewa?"

"Ranka ya daɗe, ya ce gyaɗar nan ta yi kyau."

"Bayan gyaɗar fa?"

"Ya ce waccan ma."

Manoma suka hango mai unguwa a ƙasa a kan hanya, abin da ba su gani ba tun ƙuruciyarsu, suka saɓa fartanya suka biyo mu. Masu babur suka riƙa tsayawa, yana ɗaga musu hannu su wuce, don ba zai hau ba baƙo na ƙasa. Wata mai fura ta sauke ƙwaryarta ta tambaya wa ya rasu. Kafin a ankara ta yi salati ta shiga layi.

Mun bar gonakin unguwarmu mun shiga na mutanen da ba mu san iyakokinsu ba, sai na ji hannun mai unguwa a kafaɗata. Nauyinsa duka ya sakar mini. Gumi ya jiƙa rawaninsa, ƙafar hagun kuma janta yake yi.

"Tafinta," ya ce a hankali, "ko baƙon nan ya sallame ni, ko ka aika a zo da makara."

Na tuna shayi. Wallahi sai da na tuna shi, har da tururinsa. Sannan na juya na kira malamin firamare, a gaban dattawa da manoma da mai fura.

"Malam, zo ka gaya masa. Rabin rakiya na koya masa, sauran rabin ba ni da Turancinsa."

Ya ce to Baba, bai ko yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Cikin numfashi ɗaya ya gama bayani. Bature ya yi ja har kunne, ya durƙusa a tsakiyar hanya, malamin yana faɗa yana maimaitawa, har ya kai ƙarshen "a koma haka nan, ranka ya daɗe". Aka tare babur aka ɗora mai unguwa.

Da babur ya tashi, Bature ya buɗe ɗan littafinsa, ya ga inda ya ja wa layi cewa mai tafiya ana taka masa. Sai ya bi babur da gudu. Mu ma muka juya. Ranar ba wanda ya ga kasuwar Ajingi, har mai furar.

Mai unguwa na isa gida ya shige ciki, bai yarda ya sake haɗa ido da baƙo a bakin zaure ba. Daga ciki ya aiko da hukunci. Malamin firamare shi ne tafinta. Ni kuma, tun da na nuna ƙwarewa a fannin, an naɗa ni mai rakiya: duk inda Bature zai sa ƙafa, ni zan taka masa a madadin unguwa.

Shayi ya koma gidan malamin. Matata ta koma musawa tun ban buɗe baki ba. Ni kuma na zaga gonakin gyaɗar ƙasar nan kaf a ƙafa, tun daga noman farko har aka tono ta. Ya iya sallamar kowa, amma ni ba ya sallamata, wai ni ba rakiya nake ba, aiki nake. Takalmi biyu na kashe. Yanzu in na kalli ganyen gyaɗa daga nesa na san abin da ke damunsa, kuma ba wanda ke tambayata.

Ranar da zai tafi na raka shi har tashar Gaya. Ya shiga motar Kano ya zauna, ni ina tsaye a jikin taga, don ba a sallame ni ba. Direba ya tayar da mota. Sai ya leƙo, ya kama hannuna da hannu biyu, da Hausa tsaf ba tare da duba littafi ba ya ce, "Baba, a koma haka nan."

Na ce masa ai da ya faɗa tun farkon damina. Na tsaya har motar ta sha kwana, sannan na nemi mai babur.