Sunan da Inna Rabi ta iya kira

Yahya ɗan fari ne, don haka mahaifiyarsa Inna Rabi ba ta taɓa kiran sunansa ba. A unguwar Karantina, can ƙasa mai tsarki, aka haife shi, bayan iyayensa sun sauke farali sun zauna. In tana nemansa, sai ta ce da ƙannensa, "Ku kira wancan." Haka al'ada take, bai taɓa kuka da ita ba. Amma ni da muka tashi tare, na sha ganin yadda yake ɗago kai in ta kira Luba ko Ubale.

Da ya girma ya kama dako a tashar jiragen ruwa. Wani Baturen jirgi ya tambayi sunansa. Tafinta, wani Bahaushen Sudan, ya ce Yahya shi ne Jon a wurinsu. Baturen ya ce su ba sa barin Jon haka, Joni suke cewa, kamar dai yadda muke mai da Abubakar Garba. Kafin a gama sauke jirgin nan sunan ya bi shi.

"Yalla ya Joni, ina hular hana sallarka?" in ji 'yan dako.

"Na ba kawunka aro."

Dattawan unguwa ba su so abin ba. Suka ce ya daina amsawa, ya ce to.

Ana nan idanun Inna Rabi suka tafi. Ubale yana Makka, Luba tana ɗakin miji, babu sauran wanda za a ce wa ya kira wancan. Wata rana da hantsi ina tsakar gidansu, Luba ma ta zo gaisuwa tana wanki can gefe, muka ji daga ɗaki:

"Joni, ba ni ruwa."

Luba ta saki zanen da ke hannunta. "Inna!"

"To me? Ni na raɗa masa? Sunan da aka yanka wa rago yana nan, ban taɓa shi ba. Wannan na Nasara ne, babu kunya tsakanina da shi. Halas."

Yahya ya tafi bakin randa. Moɗa ɗaya ce, amma ya daɗe yana cika ta, ya ba mu baya.

Yanzu shi ne shugaban 'yan dako a ɓangarensu, kowa Alhaji Yahya yake ce masa. Inna Rabi tana nan da ranta. Na lura dai ƙishirwa ta yi mata yawa tun daga ranar.