Shamsiyya da Taswirar Rafin Ɗinya

Shamsiyya 'yar gidan masu fataucin citta ce a Kafanchan, tun kakanni. Tana ajin ƙarshe na sakandare aka yi rikicin 1987, rumfar mahaifinta ta ƙone ƙurmus da buhunan citta a ciki. Tsohon bai sake komawa daidai ba. Ita kuwa burinta na zuwa jami'a nan ya tsaya, sai ta shiga koyon buga tafireta a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa. Hannunta na da sauri, ba ta da yawan magana. Da haka ta sami aiki a wani ƙaramin ofishi mai kula da harkar ruwa.

Wajen 1993 aka kawo wani shiri na binciken rafukan yankin, aka sauke kwamfuta a ofishin, irin wadda ba a taɓa gani ba a wurin. Shugaban aikin, Injiniya Kambai, mutumin Kagoro ne, dogo mai fara'a. Ya duba ma'aikata duka, ya tsaya a kanta.

"Malama Shamsiyya, ke ne za ki zauna a kan wannan abu," in ji shi da irin Hausarsa. "Hannunki ba ya rawa."

Aikin shi ne a shimfiɗa tsohuwar taswirar takarda a kan wani faffaɗan allo, ta riƙa bin kowane rafi da ɗan abin nuni mai gilashi tana dannawa, har rafin ya fito a fuskar kwamfuta. Su Kambai kuma su shiga daji su auno yawan ruwa da saurin gudunsa, su kawo mata ta shigar. Daga nan kwamfuta ta lissafa yawan dattin da kowane rafi zai iya haɗiyewa ba tare da ya lalace ba. Wanda ba zai iya ba ya fito ja, wanda zai iya ya fito kore.

Shamsiyya ta ƙaunaci aikin nan ƙwarai. Ranar da ta fara ganin ƙasarsu gaba ɗaya a gabanta, daga duwatsun Kagoro har Zonkwa, rafuka sun bazu kamar jijiyoyin ganye, sai da ta manta da abincin rana. Ta ji kamar an mayar mata da wani abu daga cikin karatun da ya kuɓuce mata.

Ana cikin haka wani kamfani ya nemi kafa masana'antar sitaci, wadda ake sarrafa rogo, yana kuma neman inda zai riƙa zubar da ruwan wanki. Rafin da ke kusa da gari ya fito ja. Rafin Ɗinya, can bayan gari, ya fito kore shar.

Shamsiyya ta matso kusa da gilashin kwamfutar. A bakin Rafin Ɗinya Goggonta Azumi take, ƙanwar mahaifinta, wadda ta auri wani Bafulatani mai suna Jibir. Sun daɗe da barin yawo, suna noman masara da dawa, shanunsu na shan ruwa a rafin. Tsohuwar taswirar ba ta ma nuna rugar ba, don an zana ta kafin su zauna.

"Oga, akwai mutane a nan," ta ce, ta ɗora yatsa a kan gilashin. "Dangina ne."

Kambai bai yi wasa da maganar ba. Ya sa ta saka rugar a taswira, suka sake lissafi da mutanen da dabbobinsu a ciki. Layin ya sake fitowa kore. Ya rubuta a rahoto cewa dole kamfanin ya haƙa tafkuna inda ruwan zai kwanta ya tace kafin a sake shi.

"Kin gani? Ruwa yana da yawa a wurin," ya ce. "Idan sun bi doka, ba matsala."

Da labarin masana'anta ya isa rugar, Jibir ya so su tashi. Wani ɗan'uwansa ya yi masa tayin fili can sama da rafin, inda ruwan bai biyo ta masana'antar ba. Goggo Azumi ce ta ce a dakata a tambayi 'yar ɗan'uwanta, tunda a hannunta abin yake. Ta shigo gari ranar kasuwa, ta same ta a gida.

"'Yar nan, ki faɗa mini tsakaninki da Allah. Mu tashi ko mu zauna? Mangwaron da na dasa yanzu ya fara 'ya'ya."

"Goggo, ku zauna," in ji Shamsiyya. "Da hannuna na yi lissafin, har sau biyu. Ruwan zai ɗauka."

Suka zauna. Filin can sama aka ba wani.

Shekarun farko lafiya lau. Shirin binciken ya ƙare, aka kwashe kwamfutar aka tafi da ita Kaduna, Shamsiyya ta koma kan tafiretarta. Abin da ba wanda ya tsaya a kansa shi ne, awon da aka yi na rani ɗaya ne kawai, shi ma bayan damina mai albarka. Sai ga shekarar da ruwan sama ya ɗauke da wuri. Kafin bazara Rafin Ɗinya ya tsuke ya zama kamar lambatu. Masana'anta kuwa ta ƙara injuna, tafkunan tacewa sun cika da laka ba a yashe ba, ruwan rogo na kwarara kai tsaye.

Kifaye ne suka fara mutuwa, suna tasowa ciki a sama. Sannan shanu. Ranar da Shamsiyya ta hau acaɓa ta je, tun daga nesa tsamin ya tare ta. Rafin ya yi fari da kumfa, ƙudaje sun rufe bakinsa. Ta tarar da Jibir tsaye a kan wata saniya da ta kumbura, yana kiran sunanta a hankali da Fulatanci. Ya amsa gaisuwarta da ladabi, ya koma kan saniyarsa. Fiye da rabin garken ya tafi a ranin nan. Rijiyar gidan ma ta soma wari, yara suka yi ta gudawa.

Ta koma wurin Kambai tana kuka. Ya ɗauki hularsa suka tafi masana'antar tare. Manajan ya karɓe su da lemo, ya saurare su har ƙarshe, sannan ya juya ya nuna bango. Taswirarsu ce a cikin firam, Rafin Ɗinya kore shar, sunan ofishinsu a ƙasa.

"Ku kuka ce zai ɗauka," ya ce.

Kambai ya yi bayanin tafkuna, ya yi bayanin fari. Manajan ya ce za a duba. Suka nemi a dawo musu da kwamfutar su sake lissafi da awon bana, aka ce ta lalace, kuma babu mai gyaran irinta. Kambai ya yi ta zirga-zirga zuwa Kaduna har aka yi masa canjin wurin aiki.

Jibir bai ga damina ta biyu ba, ya rasu. Wasu sun ce ruwan ne, wasu sun ce baƙin cikin shanunsa. Bayan Goggo Azumi ta fita takaba, ta tattara yara da ragowar dabbobi za su koma wajen dangin mijinta kusa da Kasuwan Magani. Shamsiyya ta je sallama, ta durƙusa ta kasa ɗaga kai.

"Goggo, ki yafe mini."

"Me kika yi mini? Abin da kika gani kika faɗa," in ji tsohuwar, tana ɗaure ƙullin kaya. "Tashi, kada ki ɓata zanenki."

Da ta zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Shamsiyya ta ajiye aiki a ƙarshen shekarar. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta riƙa sayar da busasshiyar citta a ƙofar gida. Da kwamfutoci suka yawaita a gari, masu shaguna sun sha zuwa neman ta, don an san ta iya. Takan ce idonta ba ya gani sosai yanzu. Goggo Azumi ta rasu a can, labarin bai iso Kafanchan ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Masana'antar ta ci gaba da aiki har ƙarshen shekarun casa'in, sannan ta rufe don rogo ya yi mata wuyar samu.