Manomin da Kwamfuta Ta Tura Matazu

Har gobe ba zan manta da ranar da Malam Barau ya tsaya a gaban teburina, na bi takarda sama da ƙasa, na ce masa babu sunansa ba. Tun da kun ce in ba ku labarin yadda muka fara aiki da kwamfuta, daga nan zan faro.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, muna cikin jihar Kaduna tukuna. Ni akawu ne mai riƙe da cibiyar Ƙarfi ta wani kamfani da ke raba wa manoma takin zamani da iri da damina, ya sayi masara da auduga a hannunsu da kaka. Kamfanin yana da cibiyoyi daga Funtuwa har Matazu, kowace da sitonta da akawunta. Dukanmu muna ƙarƙashin manajan shiyya, Alhaji Mu'azu, wanda ofishinsa ke Funtuwa. Kafin wannan shekarar, rajista muke riƙewa. Manomi ya zo, na san shi, na san gonarsa, in ba shi buhunansa ya dangwala yatsa ya tafi.

Da rani aka kawo kwamfuta hedkwatar shiyya a Funtuwa, aka aiko mana fom. A rubuta sunan manomi, ƙauyensu, girman gonarsa, sai layi na ƙarshe, adireshin gidan waya. Umarnin da ya biyo fom ɗin ya ce kada a bar layi ko ɗaya a buɗe. Mutanen da nake cika wa, yawancinsu ba a taɓa rubuto musu wasiƙa ba. In na tambaya, sai mutum ya sosa ƙeya ya ce, "To, akwai ɗan wana a masaƙa a Funtuwa, sa nasa." Wani ya ba da na suruki, wani na ɗansa soja a Zariya. Malam Barau ya ba ni na ɗansa da ke koyarwa a Matazu. Ni na rubuta da hannuna, ban kawo komai a raina ba.

Abin da ba a gaya mana ba shi ne yadda za a yi amfani da layin nan. An ba kowane gidan waya lamba. Kwamfutar tana da jeri biyu, na manoma da na cibiyoyi, aka umarce ta da ta haɗa kowane manomi da cibiyar da lambar gidan wayarsu ta zo ɗaya. Wanda lambarsa ba ta dace da kowace cibiya ba, kamar mai adireshin Zariya, sai ya ɓace gaba ɗaya, ba ya fitowa a jerin kowa.

Ruwa ya sauka, an yi shuka, masara ta kai ƙwauri, sannan jerin ya iso da wasiƙa: duk akawun da ya fitar da buhu ga wanda ba ya cikin jerinsa, ya san ya saba doka. Na ƙirga, mutanena talatin da wani abu babu su.

Malam Barau dattijo ne, ya haura sittin. Gonarsa da siton cibiyarmu shinge kawai ya raba su. In ya tsaya a kan kunyarsa yana hango buhunan takin ta taga.

Ya ce, "Malam Iro, sake dubawa dai. Ko an rubuta Barau Makeri."

Na ce, "Baba, na duba. Wai Matazu aka kai ka."

Ya waiwaya ya kalli gonarsa. Ya ce, "Matazu. Ni da rabona da Matazu tun auren yaron nan. Wa ya kai ni?"

Kunya ta hana ni in ce inji ne.

Washegari na hau babur sai Funtuwa. Mai kula da kwamfutar wata mata ce, Madam Bisi, iyayenta 'yan kudu ne masu shagon yadi, amma haifaffiyar Funtuwa ce, Hausarta ta fi tawa. Ina fara bayani ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Kai ne akawu na huɗu da ya zo da wannan kukan. Malam Iro, abin da aka tambayi kwamfutar shi ta amsa. An ce ta bi gidan waya, ta bi. Tun farko na ce a bi sunan ƙauye, ga shi nan a fom ɗin, a haɗa kowane ƙauye da cibiyar da ta fi kusa. Aka ce gidan waya shi ne tsarin zamani."

Na ce, "Gyaran zai ɗauki wata nawa?"

Ta yi murmushin takaici. Ta ce, "Wuni ɗaya. Sa hannun manaja kawai nake jira."

Na shiga wurin Alhaji Mu'azu, na gaishe shi, na zube masa komai. Bai ce in zauna ba. Ya ce an riga an aika wa manya rahoto cewa sabon tsari ya yi nasara, ba zai koma ya ce a sake ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, masara ba ta san rahoto ba. In aka wuce kwana goma ba a sa taki ba, an yi asarar daminar."

Ya ce, "Wa ya cika fom ɗin? Ba kai ba ne? Kwamfuta ba ta kuskure, ku ne kuke ba ta shirme. Kowa ya je inda aka tura shi."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai gaskiya a rabin maganarsa, kuma ya riƙe rabin nan ya fake da shi. Shi ya hana a bar layi a buɗe, shi ya ƙi jin shawarar matar da ta san aikin, amma laifin ya gangaro kaina da kan tsoho mai fartanya.

Na dawo Ƙarfi na zauna a kan sito cike da taki har kwana shida, ina tsoron aikina. Wannan ba na ɓoye shi. A cikin kwanakin nan Malam Barau ya shiga motar kasuwa ya tafi Matazu. Akawun can ya ga sunansa, amma ya ce takin da aka aiko musu ya ƙare, tun da lissafin da aka yi musu ma a karkace yake. Ya kwana a wurin ɗansa ya dawo hannu wofi. Da na je gaishe shi bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Na gano inda aka ce can ne garinmu." Na leƙa gonar, ganyen masarar ya fara rawaya daga ƙasa.

A rana ta bakwai na ɗauko tsohuwar rajistata, na buɗe sito, na aika a kira duk wanda aka cire. Kowa na ba shi abin da ya saba karɓa, ya dangwala yatsa, na rubuta komai dalla-dalla, na aika kwafi Funtuwa da kaina don kada a ce ɓoyewa na yi. Ba a yi mako ba takardar tuhuma ta iso. Bayan wata guda aka ɗauke ni daga Ƙarfi aka jefa ni Tsiga a matsayin mataimakin mai sito, aka hana ni ƙarin girma shekara biyu.

Wasu gonakin sun farfaɗo. Ta Malam Barau ba ta farfaɗo sosai ba, don shi ya riga kowa shuka. Da kaka bai tara ko rabin abin da ya saba ba, sai da ya sayar da akuyoyinsa kafin wata damina. Shekara na zagayowa aka koma bin sunan ƙauye, kamar yadda Madam Bisi ta faɗa tun farko. A taron ƙarshen shekara aka miƙe aka tafa wa Alhaji Mu'azu saboda ya gano matsala ya warware ta. Ita tana zaune a layin baya. Ni ko gayyata ba a yi mini ba.

Ba na jin haushin kwamfuta, ita ba ta taɓa ganin Ƙarfi ba. Haushina yana kan mutumin da aka nuna masa kuskure da rana tsaka, gyaransa wuni ɗaya, ya zaɓi mutuncin rahotonsa. Kuma ina jin haushin kaina saboda kwana shidan nan. Ku da kuke haɗa sunaye da wurare yau, kafin ku yarda da abin da ta fitar, ku ɗauki suna goma ku je ku ga inda masu su suke kwana. In kuma tsoho ya tsaya a gabanku yana nuna muku gonarsa da yatsa, takarda tana cewa ba a nan yake ba, to takardar za ku gyara.