Tagar Mato

Ku matso in ba ku labarin Mato kafinta, mutumin Damagaram, wanda ya zo Umra da baƙin gemu, har gemun ya yi fari fat bai bar Jidda ba.

A Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ya kama ɗakin ƙasa, a wani tsohon gida da masu shi suka ƙaura tuntuni. Tagar ɗakin irin ta mutanen da ce, wadda ake kira roshan. Ba gilashi, katako ne zalla aka sassaƙa raga-raga, iska ta shigo, rana ta tsaya waje. Sai dai gara ta cinye rabinta, an toshe ramukan da kwali da buhun shinkafa.

Matarsa Rahila kuwa ciwon ƙirji gare ta. In ɗaki ya toshe, numfashinta ma ya toshe.

"Malam, cire min kwalin nan," in ji ta. "Ko dafa ni za ka yi?"

Shi ke nan fa. Duk inda tsohon gida ya rushe, Mato na can yana tsintar guntayen katako. Shekara tara yana fiƙewa yana haɗawa, ya kuma sassaƙa dagi a tsakiya, irin na bangon gidajen garinsu. Rahila ta mai da gindin tagar mazauninta, iskar teku na shafa mata fuska, tarin ya lafa.

To, masu yawon buɗe ido suka fara tsayawa ɗaukar hoto. A waya Turki, jikan mai gidan, ya ga tagar. Ran nan da hantsi sai ga shi.

"Masha Allah, ya Hajji! Wa ya yi wannan aiki?"

Rahila ta yi tari daga ciki, tarin gargaɗi. Mato ya ɗauka ciwon ne.

"Ni ne, ranka ya daɗe, da hannun nan nawa."

"Madalla. Ina iƙamarka?"

Mato ya sunkuyar da kai, don ba shi da wannan takardar izinin zama.

"Halas, ya wuce," in ji Turki yana murmushi. "Ba zan kai ka ko'ina ba. Nan da Juma'a ku kwashe kayanku. Taga dai ta gida ce."

Suka koma unguwar Waziriyya, wani ɗaki ƙarƙashin matakala, tagarsa ta alminiyam kamar faranti, tana kallon bango. Rahila ba ta ga ƙarshen zafin shekarar ba.

Yanzu gidan nan na Balad wurin shan gahawa ne. Kwanaki Mato ya bi ta wajen, ya ji Turki na gaya wa baƙi wai kakansa ya kawo tagar daga Indiya a jirgin ruwa, dagin ma zanen Indiyawa ne. Mato ya hango wani ɗan katako ya goce, ya miƙa hannu zai gyara.

"Yalla, ya Hajji!" mai gadi ya daka masa tsawa. "Kayan tarihi ne, ba a taɓawa."

Da ya janye hannun ne ya lura sun manna gilashi ta ciki saboda na'urar sanyaya ɗaki. Ko ɗigon iska ba ya ratsawa.